Layi Uku da Ɗigo

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ba shi ta je nema ba. Yayanta ta je nema, a wurin da babu mai fatan ya samu nasa.

Wani tsohon sito ne a bayan tashar jirgin ƙasa. Bayan an ajiye makamai, wata 'yar ƙungiya mai neman waɗanda suka ɓata a yaƙin ta karɓe shi ta share, tana buɗe ƙofa ranar Asabar ta farko a kowane wata. An jera dogayen tebura an shimfiɗa musu farin yadi, a kai an baza abin da aka tono daga ramuka da tsofaffin rijiyoyi: takalma, mabuɗai, tabarau, maɓallan riga. Kowane abu da 'yar takarda mai lamba ɗaure a jikinsa da zare. Jama'a na bin teburan a hankali, ba ka jin komai sai jan ƙafa.

Auta malamar firamare ce, shekararta ashirin da huɗu, kuma ita ce ƙarama a gidansu, har sunan ya bi ta makaranta. Shekara biyar ke nan da aka tsayar da motar haya a bakin gada, aka sauke Yayanta da wasu samari, aka ce direba ya wuce. Tun daga ranar ko ɗuriyarsa ba a sake ji ba.

A tebur na uku ta ga wani baƙin takalmi sau-ciki irin wanda Yaya yake so. Ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ba.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, ba a taɓawa. Bari in juya miki shi."

Ta ɗaga kai. Wani saurayi ne dogo siriri, da safar roba a hannu da biro a bayan kunne. Ya ɗauki takalmin da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, ya juya ya nuna mata lambar da ke ƙasa. Arba'in. Yaya kuwa arba'in da huɗu yake sawa, har a gida ana tsokanarsa da cewa kwale-kwale yake shiga ba takalmi ba. Auta ta rasa murna za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. Saurayin bai ce ta yi shiru ba. Kujera ya jawo mata, ya kawo ruwa a kofi, ya tsaya gefe har ta gama.

Da ta natsu ya ɗauko fom ya fara tambaya: tsayinsa, haƙoransa, ko ya taɓa karaya, abin da ke jikinsa a ranar. Ta ce akwai agogo. Babansu mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana kan benci ɗaya a bakin kasuwa, kuma duk agogon da ya buɗe sai ya yi masa alama da tsinin allura a cikin murfin baya, layi uku da ɗigo, don ya gane aikinsa in an dawo da shi. Agogon Yaya shi ya haɗa shi da hannunsa, ya ba shi ranar da ya gama makaranta.

Yana rubutu yana maimaita abin da ta faɗa, sai ta lura da yadda yake jan ƙarshen magana. Ɗan tsallake ne, daga mutanen da suka tsayar da motar. Har ta kama jakarta za ta tashi, ya rufe fom ɗin ya dube ta.

"Saura tambaya ɗaya, amma ba ta cikin takarda. Wane irin mutum ne shi?"

Shekara biyar ana tambayarta yaushe aka kama shi da inda aka kama shi. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ajiye jakar. Ta ba shi labarin yadda Yaya yake goya ta a keke zuwa makaranta yana waƙa da muryarsa mara daɗi, har aka fara rufe tagogin sito ba ta gama ba.

A ƙungiyar, Mai Lamba ake ce masa, don shi ke wanke duk abin da aka tono, ya shanya, ya ɗaura masa lamba. Shugabarsu wata tsohuwar nas ce mai ƙaramin jiki da babbar murya, kowa Anti Nas yake kiranta. Ita ta tare Auta a zuwanta na biyu ta ce suna neman mai kyan rubutu, kuma ta ji an ce malamai ba su da aikin yi da yamma. Auta ta ce wanda ya faɗa mata haka bai taɓa duba littattafan ɗalibai sittin ba. Duk da haka ranar Laraba sai ga ta.

Ranar Laraba iyaye mata ke taruwa a rumfar bayan sito, na wannan gefe da na tsallake. Da farko, in ji Anti Nas, benci biyu ake ajiyewa da tazara a tsakani, ba mai kallon wata. Ranar da aka yi ruwa da iska rumfar ta yi yoyo ta gefe ɗaya, dole suka matsu wuri guda, kuma tun daga nan ba a sake raba benci ba. Aikin Auta shi ne ta rubuta abin da kowace uwa ta faɗa, ta karanta mata, in ta yarda ta dangwala, a haɗa a kai wa hukumar bincike. Ita ce kuma ta lallaɓa Mama ta zo aka ɗauki jininta don gwaji, ba da sanin Baba ba.

Akwai wata tsohuwa da ke zama a bakin ƙofa kullum, da zobe rataye a wuyanta. Duk Laraba sai Mai Lamba ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuwa ta kau da kai. Auta ta ɗauka ƙiyayyar gefe ce, ba ta tambaya ba.

A rumfar nan ta ji nasa labarin. Mahaifinsa mai sayar da littattafai ne, ya tsallako wannan gefen sayen magani bai koma ba. Yana sa tabarau mai karyayyar ƙafar hagu da aka ɗaure da waya. Shekara shida ke nan da ɓatansa, kuma duk tabaran da aka kawo wa Mai Lamba, ƙafar hagu yake fara dubawa.

So dai ba ya sallama. Wata Alhamis tana ofishin malamai wayarta ta yi ƙara.

"Malama, kin manta bironki a sito. Na ɗaura masa lamba, sai mai shi ta zo da shaida."

Ta rubuta: "Shaidata ita ce an tauna murfinsa. A kula min da shi."

"An tabbatar. Amma dokar aiki ta ce sai an ga mai shi ido da ido. Gobe ƙarfe huɗu?"

Daga nan ya sa mata suna Mai Alli, don ba ta rabuwa da farin alli a hannun riga, ita kuma ta rama da Lamba Ɗaya. In an tashi daga aiki yakan raka ta har bakin layinsu, sannan ya juya ya nufi gada. Ita ba ta taɓa raka shi ba. Tun ranar da aka sauke Yaya ko hanyar gadar ba ta bi, shi kuma bai taɓa matsa mata ba.

Wata rana suna shanya kayan da ya wanke a bayan sito, ya tsaya da wata riga a hannu.

"Mai Alli, shekara huɗu ina riƙe abin da na wasu ne, in adana in mayar. Ban taɓa son wani abu ya zama nawa ba sai yanzu."

"Lamba za ka ɗaura min ke nan?"

"Ke ai ba ɓata kika yi ba. Ni ne na ɓata kika tsince ni."

Ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Tana son sa, kuma ta san abin da ke jiranta a gida.

Ta faɗa wa Mama, Mama ta faɗa wa Baba. Baba ya cire gilashin aikinsa daga ido ya ajiye a hankali, kuma duk wanda ya san shi ya san hakan ya fi tsawa. Ya ce magana biyu zai yi. Ta farko, ba za a yi biki a gidansa ba sai ya san inda ɗansa yake, a raye ko a mace. Ta biyu, ko da ya sani, ba zai ba ɗan tsallake 'yarsa ba ko maza sun ƙare. Ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Ana cikin haka sai ɗan Gwaggo ya shigo da labari. Direban wani babban mutum ne, ya daɗe yana zagayen Auta tana yi masa kallon ɗan'uwa. Ya ce a wajen ubangidansa ya haɗu da wani da aka sako daga wani sansani a can cikin duwatsu, kuma mutumin ya rantse ya ga Yaya da ransa, ya rame ƙwarai amma yana nan. Duk mako sai ya zo da ƙari: an gan shi yana ɗiban ruwa, an ji yana tambayar gida. Baba ya fara ware masa kujera a falo, har ya ce wanda ya kawo masa ɗansa babu abin da zai roƙa ya hana shi, yana faɗa yana kallon Auta.

Mama kuwa kamar an zare mata ciwo. Ta buɗe ɗakin Yaya ta share, ta shanya katifa. Ta sayi yadi ruwan toka ta kai wa tela, ta ce a bar tsayin yadda yake amma a rage faɗi, tun da an ce ya rame.

Ita kanta Auta zuciyarta ta kama. Da sauri ta je sito ta same shi a ɗakin wanki ta zayyana masa komai, har da zancen rigar. Mai Lamba ya daɗe yana kallon bahon da ke gabansa, sannan ya ce Allah ya sa haka ne.

Daga ranar ya canza. Saƙonsa ya koma "Ina lafiya" da "Sai gobe." In ta kawo zancen Yaya sai ya tuna wani aiki da ya bari. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskarsa kuwa ta faɗa kamar mai jinya. Auta ta sa a ranta kishin ɗan Gwaggo ne, ko kuma maganar Baba ce ta karya masa gwiwa. Ta ji haushi, ta kuma ji tausayi.

Wata Laraba ya fita da masu tono, Anti Nas ta ba Auta katunan kaya ta kwafe su cikin babban littafi. Tana cikin kwafa ta zo kan kati mai lamba ɗari huɗu da sha biyu, da rubutunsa da ta sani kamar nata. Agogon hannu, an samu a rijiyar da ke bayan tsohon shingen gada. A cikin murfin baya akwai alama, layi uku da ɗigo. An tura ƙashi gwaji. Ta dubi kwanan watan. Mako bakwai da suka wuce.

Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi da katin a cinya har ya dawo, da laka a takalminsa. Yana ganin abin da ke hannunta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mako bakwai," in ji ta. "Kana kallona ina ba ka labarin rigar da Mama ta kai ɗinki."

"Doka ce, Mai Alli. Ba a faɗa wa iyali sai gwaji ya dawo. Kuma mutum biyu ke zuwa, a gida, a zaune."

"Iyali. Ashe ni ma fom ce a wurinka."

"Ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Baba ya yi gaskiya. Ku kuka ɗauke shi, ku kuka jefa shi a rijiya, yanzu kuma kai ka kulle shi a akwati ka yi shiru."

Ta ga inda maganar ta sauka, don sai da ya dafa ƙofa. Ya matsa ya ba ta hanya ta wuce.

Ta nufi gida da niyyar ta faɗi komai a yi ta ta ƙare. Ta tarar da Mama a tsakar gida tana goge sabuwar rigar da aka karɓo daga tela, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Mama ta ɗaga rigar ta ce, "Auta, kina ganin ba ta yi masa yawa ba?" Auta ta buɗe baki. Sai ta ji kanta tana cewa ta yi daidai, Mama, ta yi kyau. Ta shige ɗaki ta toshe bakinta da filo.

Gobe ma haka, jibi ma haka. Kullum sai ta shirya maganar a hanyar dawowa daga makaranta, tana ganin fuskar Mama sai ta haɗiye. In ba shi ba ne fa? In shi ne fa? Abinci ya daina wuce mata, ga ɗan Gwaggo a falo yana ta zuba.

A rana ta huɗu saƙo ya shigo.

"Ba zan roƙe ki yafiya yanzu ba. Ina so ki sani kawai, ban ɗora shi a tebur tare da sauran ba. Yana naɗe a ƙyalle mai tsabta, kuma kullum da safe ina yi masa addu'a, ko wane ne shi."

Ta karanta ya fi sau goma, ba ta amsa ba.

A rana ta shida Anti Nas ta zo makaranta lokacin hutun tara, ta zauna a kujerar ɗalibai da ta yi mata daidai, ta tambayi Auta ko ta san tsohuwar nan mai zobe. Ta ce shekara uku da suka wuce Mai Lamba ya wanke zoben nan ya ga ya dace da wani fom. Don murnar zai sauke wa uwa nauyi, bai jira gwaji ba, ya ruga ya faɗa mata. Tsohuwa ta karɓi ƙasusuwa ta binne, ta yi makoki, har ta fara samun barci. Bayan wata biyu gwaji ya dawo ya ce ba ɗanta ba ne. Zoben nasa ne, amma yatsan na wanda ya ƙwace shi ne. Sai da aka koma aka tone kabarin a gabanta. Tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwarsa ba, shi kuma bai fasa gaishe ta ba.

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake," in ji Anti Nas. "Agogo ana cire shi daga hannu a ɗaura a wani, 'yata. Kuma akwai abin da ya faɗa min. Ya ce ya san rantsuwar babanki. Labarin nan shi zai buɗe masa ƙofa, don haka yake tsoron kansa, kada ya yi gaggawar kashe muku ɗa don ya samu mata."

Aka kaɗa ƙararrawa ɗalibai suka shigo, suka tarar da malamarsu ta juya tana goge allon da babu rubutu a kai.

A rana ta tara Anti Nas ta bugo waya. Ba ta ce komai ba sai dai gobe da ƙarfe goma suna zuwa, a gaya wa Baba kada ya fita kasuwa. Auta ta san dokar, don haka ta gane.

Su biyu suka zo. Baba na ganin wanda ke bayan Anti Nas fuskarsa ta haɗe, amma bai kori baƙo ba. Aka zauna a falo, har da ɗan Gwaggo da ya zo gaisuwar safe. Anti Nas ta yi magana a hankali ba tare da kwana-kwana ba: inda aka tono, jinin da Mama ta bayar, abin da gwaji ya nuna.

Mama ta ce a'a, kuskure ne, ɗanta yana sansani, an gan shi yana ɗiban ruwa. Ta juya wajen ɗan Gwaggo ta ce ya faɗa musu. Ɗan Gwaggo ya ƙura wa tabarma ido ya ce shi ma dai ji ya yi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kafin a ankara ya sulale ya bar hularsa a kan kujera.

Mai Lamba ya durƙusa ya ajiye wani farin ƙyalle a gaban Baba. Baba ya warware. Ya daɗe bai taɓa ba. Sannan ya laluba aljihu ya ciro gilashinsa da 'yar wuƙar buɗe murfi. Murfin ya buɗe. Ya kara a ido.

"Aikina ne," in ji shi.

Mama ta faɗa jikin Auta. Kukan da aka riƙe shekara biyar ya ɓalle a gidan, har maƙwabta suka fara leƙowa. Baba kuwa bai ɗaga kai daga agogon ba.

"Wa ya buɗe shi kafin ni?"

"Ni ne, Baba."

"Babu ko ƙwarzane a bakinsa. Da me ka buɗe?"

"Na naɗe bakin wuƙa da ƙyalle. Kwana biyu na yi ina cire ƙasar da gashin tsuntsu. Na ga aikin mai shi ne, ban so in ɓata ba."

Baba ya cire gilashin ya dube shi, karo na farko.

"Su wa suka kashe shi?"

"Mutanenmu ne, Baba. Ba zan ɓoye maka ba. Sunayen waɗanda suka tsare gadar suna cikin shaidun da muka miƙa wa hukuma, kuma uku daga masu shaidar iyayen tsallake ne."

Baba ya naɗe agogon ya sa a aljihun gaba, ya ce su tashi su tafi, ya gode.

Aka binne Yaya washegari da hantsi. Auta ta ji daga bakin maƙwabta cewa wani dogon saurayi ya tsaya can baya shi kaɗai, bai matso ba har aka watse. Da yamma ta ɗauki waya.

"Lamba Ɗaya, kwana tara na yi da maganar a bakina na kasa faɗa wa Mama. Kai ka yi mako bakwai. Abin da na faɗa maka a sito ba na jin akwai ruwan da zai wanke shi. Ka yafe min."

Amsa ba ta daɗe ba. "Wanki ai sana'ata ce, Mai Alli. Ban riƙe ki ba. Ki kula da Mama, ki kuma ci abinci."

Wata uku suka wuce ba wanda ya tayar da zancen aure. Gidan ya yi shiru, amma wani irin shiru ne daban, na waɗanda suka san inda za su je su yi addu'a. Mama ta fara bin Auta rumfar Laraba, tana zama kusa da wata 'yar tsallake da ita ma aka sauke nata ɗan daga mota.

Wata rana da azahar Auta ta kai wa Baba abinci kasuwa, ya ce ba tare da ya dube ta ba, ta kira masa yaron nan. Cikin rabin awa sai ga shi yana haki, ya durƙusa gefen benci. Baba ya bar shi a durƙushe ya gama ɗaure wani dunƙulen agogo tukuna.

"An ce kai ma kana neman naka."

"E, Baba. Mahaifina."

"An samu?"

"Ba a samu ba."

"A wane gefe ya ɓata?"

Mai Lamba ya ce a wannan gefen. Baba ya jinjina kai ya daɗe. Ya jawo aljihun tebur ya ciro agogon Yaya. An sa masa sabon gilashi da sabuwar fata, kuma yana tafiya. Wata ukun nan ashe abin da yake yi ke nan in ya ce musu aiki ya yi yawa.

"Ka kawo min nawa alhali kana neman naka a hannun mutanena. Miƙo hannunka."

Hannun ya yi siriri, sai da Baba ya huda sabon rami a fatar kafin ta kama. Yana ɗaurawa yana magana, idonsa na kan aikin.

"Ba zan ce maka na manta ba, kai ma kada ka ce min ka manta. Ni na rasa ɗa, kai ka rasa uba. In agogon ya tsaya ka kawo min, ba a kai wa wani. Ka turo manyanka."

Mai Lamba ya ce daga mahaifiyarsa sai kawunsa guda suka rage. Baba ya ce sun isa. Auta tana tsaye da kwanon abinci a hannu, hawaye na sauka a kan murfin, ta rasa inda za ta ajiye.

Rana ba ta ƙarya. Biki ne ƙarami, babu kiɗa, don ba a gama share hawaye ba. Ango ya zo cikin riga ruwan toka da Mama ta aika masa, wadda aka bar tsayinta aka rage faɗi, ta zauna masa kamar da shi aka gwada. Mama ta kalle shi sau ɗaya ta shiga ɗaki, ta daɗe kafin ta fito. Iyayen Laraba suka cika benci guda, na nan da na tsallake, Anti Nas na ba da umarni kamar a asibiti. Tsohuwa mai zobe ma ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Da ango ya durƙusa ya gaishe ta ba ta amsa ba, amma ta ɗora hannu a kansa, ta bar shi a nan na ɗan lokaci.

Bayan la'asar Baba ya kama hannun Auta ya kai ta har bakin mota. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'ar da ba za ta san ƙarar bindiga ba, ya kuma bayyana wa kowace uwa inda nata yake. Jama'a suka amsa da amin, na kowane gefe da irin jan muryarsa.

Gidan ango a tsallake yake, hanya kuwa ɗaya ce. Da motar ta doshi gada Auta ta leƙa ta taga. Ga wurin nan, ga tsohon shingen da ciyawa ta rufe. Ta runtse ido.

"Ina nan, Mai Alli," in ji shi a hankali. "In kin ce a tsaya, a tsaya."

"Kada a tsaya," in ji ta.

Ta kamo hannunsa na hagu ta kara agogon a kunnenta. Yana bugawa, daidai, irin aikin Baba. Ta riƙe shi a haka tana saurare, direba bai taka birki ba, har suka sauka a ɗaya gefen.